Daga "Fue" Zuwa "Ka Ba Shi Kuɗin"



Akwai wata 'yar kalma a Sifaniyanci mai harafi uku, "fue", ana furta ta kamar "fuwe" da sauri. Duk wanda ya daɗe yana bin La Liga a waya ya sha cin karo da ita ko bai lura ba, domin da wuya a ba da labarin wasan da aka riga aka tashi ba ta fito ba. Ma'anarta biyu, kuma ko kama da juna ba su yi ba. Wani lokaci tana nufin "ya tafi", wani lokaci tana nufin "ya kasance". Idan ɗan Sifaniya ya rubuta "Messi fue a París", cewa ya yi Messi ya tafi Paris, kamar yadda ya faru a watan Agustan 2021. Idan kuwa ya rubuta "Messi fue capitán", cewa ya yi Messi ya taɓa zama kyaftin. Harafi ukun nan dai su ne, furuci ɗaya, ba ɗigo, ba wata alama a kai. Abin da ya raba su shi ne 'yar ƙaramar "a" da ta biyo baya a jimlar farko, wadda ke daidai da "zuwa" a wurinmu.

Mu da muka tashi tsakanin Ikara, Makarfi da Kudan ba a aji muka haɗu da Sifaniyanci ba. Ta ƙofar gidan kallon ƙwallo ya shigo mana, inda ake raba benci biyu ranar da Real Madrid za ta kara da Barcelona, mai janareta kuma ya zama sarki na minti casa'in. Da Umar Sadiq, haifaffen Kaduna, ya koma Almería a 2020, ya taya su hawa babban rukuni a 2022 kafin Real Sociedad ta ɗauke shi, sai wasunmu suka fara bin shafukan kulob-kulob ɗin can kai tsaye, suna latsa wurin fassara suna karanta abin da na'ura ta juyo musu. A haka ne masu naci a cikinmu suka lura cewa kalma guda tana fitowa yau da riga, gobe da zane. Daga nan tambaya ta taso, tambayar kuma ta ja mu har cikin namu harshen.

Asalin abin yana cikin Latin, uwar Sifaniyanci da Faransanci da Italiyanci da harshen Fotugal. A Latin aikatau biyu ne daban: "esse", wato kasancewa, da "ire", wato tafiya. Shuɗaɗɗen lokacin na farko shi ne "fuit". Na biyun kuwa ɗan siriri ne, "iit", kusan wasula zalla, irin kalmar da baki ke haɗiyewa idan ana sauri. Da tafiya ta yi tafiya sai ya narke, mutane suka koma aron na maƙwabcinsa. Maimakon su ce "na tafi gari kaza" sai su ce "na kasance a gari kaza", tunda duk wanda aka gani a wuri ai zuwa ya yi. Mu ma haka muke yi: wanda ya ce maka "jiya ina kasuwar Makarfi" ya gama gaya maka cewa ya je. Aron ya zauna daram, har yau Sifaniyanci yana faɗin "ya tafi" daga aikatau "ir" da kayan "ser". Jerin gaba ɗaya aka ara, daga "fui" na mai magana har "fueron" na jam'i. Mutanen Fotugal da Burazil ma haka suke fama da tasu "foi".

Ba ita kaɗai ba ce. "Ve" tana nufin "yana gani", tana kuma nufin "tafi!". "Di" tana nufin "na bayar", tana kuma nufin "faɗi!". "Sé" ita ce "na sani", ita ce kuma "ka zama". Har da "vino", wadda ke nufin "ya zo" a wata jimla, a wata kuma giyar da ake yi da inabi. Manoman inabi na Kudan su kwantar da hankalinsu, nasu na ci ne, a kwali ake kai shi kasuwa. Harshen da kusan mutum miliyan 500 suka tashi da shi a baki, wanda ƙasashe 20 ke aikin hukuma da shi, ciki har da Equatorial Guinea da ke nan bakin tekunmu, da waɗannan tagwayen kalmomi yake kwana yake tashi, ba a kuma taɓa jin an rufe kotu ko asibiti a Madrid saboda su ba.

Abin da ya sa wannan ya yi mana daɗi shi ne wani gori da muka gaji da ji, a majalisa da kuma bakin wasu da suka yi boko mai zurfi: wai Hausa matalauciya ce, kalma ɗaya take aika wa aiki goma. Sai ga shi "fue" tana da 'yar'uwa ta jini a bakinmu, wato "yi". A ce Ahmed Makarfi ya yi gwamna daga 1999 zuwa 2007, sannan ya yi Abuja. "Yi" ta farko kasancewa ce, ta biyu tafiya, daidai yadda "fue" take, ba a rage komai ba. Messi ya yi kyaftin, Messi ya yi Paris. Wanda ya yi wa Hausa gori a kan wannan sai ya shirya ya yi wa Sifaniyanci.

Balle a zo kan "ci". Yaro ya ci tuwo, ya ci jarrabawa, babansa ya ci bashi, an ci shi tara, kasuwa ta ci, wuta ta ci rumfa, ruwa ya ci mutum, Barcelona ta ci mu, wane ya ci amana, wance ta ci ado. Ƙamus ɗin Bargery na 1934 sai da ya yi dogon zango a kan wannan 'yar kalma mai harafi biyu. Amma tsohuwar da ba ta taɓa riƙe ƙamus ba, idan ta ce kowa ya ci zomo ya ci gudu, ta san "ci" biyu ta faɗa ba ɗaya ba, jikanta ɗan shekara bakwai ma ya sani. Kalmar da ta zo kusa ita ke bayyana ko wace ce. "Ci" ba ta fita ita kaɗai, kullum da maƙwabcinta take tafe.

Wadda ta fi tsaya mana a rai ita ce "cika". Buhu ya cika, masallaci ya cika, wa'adi ya cika, Malam ya cika. Furucin ɗaya ne sak, amma ta ƙarshen ita ce wadda ake ajiye ludayi idan an ji. Mutanen Sifaniya ma suna da irin wannan sassauci, sukan ce "se fue", ya tafi, ga wanda ya bar kulob da kuma wanda ya bar duniya. Tamu dai ta fi zurfi a ganinmu. Mutuwa a bakin Bahaushe ba raguwa ba ce. Kwanaki ne da aka auna wa bawa suka kai bakin mudu. Wanda ya kira wannan talauci bai zauna zaman makoki ya saurari yadda dattawa ke zaɓen kalma ba.

To, har nan mun ci gardama, kuma da a nan za mu tsaya da kowa ya tafa. Sai dai akwai inda kwatancen ya juya mana baya. "Fue" ɗaya ce a baki, ɗaya ce a takarda. Haka "yi" da "ci" da "cika". Amma muna da wasu gajerun kalmomi da suke daban-daban a baki, rubutu ne ya haɗe su wuri ɗaya. Ɗauki "ka". Idan aka ja ta aka ɗaga murya, "ka ba shi kuɗin" labari ne na abin da ya riga ya faru, ko tambaya a kansa. Idan aka gajarta ta aka sauke murya, umarni ne. Idan aka ja ta murya ta taso daga sama ta gangaro, abin da ake tsammani nan gaba ne, irin na "bari dai, ka gani". Kunne ba ya taɓa rikita su. Ido kuwa harafi biyu kawai yake gani. Haka "ya", haka "ta". Abin dariya, mace da ake wa magana ta tsira, domin "kin ba shi" da "ki ba shi" ba sa haɗuwa. Jam'i ma ya tsira: kun da ku, sun da su, an da a. Namiji tilo ne aka bari a rana, shi da wanda ake maganarsa ko wadda ake maganarta.

Wannan ba zancen aji ba ne. A hunturun da ya wuce wasu 'yan'uwanmu biyu, wa da ƙane, sun yi kusan wata ba sa ga maciji a kan harafi biyun nan. Sana'arsu rake. Ƙanen ke zama a gida, shi ke shiga fadama, shi ke tsayawa kan 'yan dako ana ƙirga dami ana lodi. Wan kuma yana Kano, a hannunsa kuɗi suke. Ranar da abin ya faru wan ya riga ya tura wa mai motar kuɗin ɗaukar kaya tun da safe ta waya. Da rana sai ya tuna bai gaya wa ƙanen ba, ya ji tsoron kada a biya sau biyu. Yana cikin hayaniyar kasuwa ya rubuta masa: Ka ba direba kuɗin mota. Tambaya yake yi, yana jiran a ce a'a ya ce to kada a bayar. Bai sa alamar tambaya ba, kamar yadda yawancinmu ba ma sawa. Ƙanen ya karanta da gajeriyar "ka", ya je wurin mai POS ya ciro, ya ƙirga wa direba a hannu, ya amsa da "To Yaya". Mota ta kama hanyar Kudu.

Kuɗin dai sun dawo daga baya, rabi-rabi, bayan kiran waya da ba ya ƙirguwa. Abin da ya ƙi dawowa da wuri shi ne fuska. Wan yana ganin ƙanen ya yi gaban kansa, ƙanen yana ganin an ba shi umarni an kuma juya an ce shi ne wawa. Da aka kai maganar gaban baffansu, kowa ya zaro wayarsa a matsayin shaida, kuma saƙo ɗaya ne a wayoyin biyu. Baffa ba ya karatun boko, ajami ya iya. Sai ya miƙa wa wani yaro wayar ya ce, "Kai, karanta mini." Yaron ya karanta da umarni. Ya miƙa wa wani, wannan ya karanta da tambaya. Baffa ya yi shiru, can ya ce, "Ashe takarda ɗaya baki biyu gare ta. Ku tashi, ba mai laifi a cikinku sai wanda ya ƙi kiran ɗan'uwansa." Mu da muke gefe muka ga abin da littafin nahawu ke bayani a shafi uku ya fito fili a minti biyu.

Na rake kuɗi ne, ana iya bin su. Yanzu a ɗauka wani saƙon ne, wanda irinsa ke yawo kullum tsakanin iyaye da 'yan'uwansu ma'aikatan lafiya, da ma muna da su da yawa tunda Kwalejin Shehu Idris tana nan Makarfi: Ta sha biyu da safe. Idan uwa ce ta rubuta, labari take bayarwa, yarinya ta riga ta sha ƙwaya biyu. Idan ma'aikaciyar ce ta rubuta, mai yiwuwa umarni ne, mai yiwuwa kuma tambaya take yi don ta san ko za a ƙara. Kakar da aka bar wa yarinya, wadda aka tura wa saƙon daga wata waya ba tare da an san wa ya fara rubuta shi ba, me za ta yi? Ba ma a maganar cewa "sha biyu" ɗin kansa lamba ce a bakin mai ƙirge.

Yadda aka yi rubutunmu ya zama haka, labarin a ƙofar gidanmu yake, domin daga Hunkuyi zuwa Zariya ba wata tafiya ba ce. Hanns Vischer, wanda aka fi sani da Ɗan Hausa, ya fitar da ƙa'idojin rubutun boko a 1912. A shekarun 1930 aka kawo haruffa masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ, aka raba "ɓata" da "bata", aka raba "ƙafa" da "kafa". A 1939 Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa daga Zariya, Abubakar Imam yana editanta, ita ta koya wa Arewa yadda ake karanta Hausa a jarida. Abin da ba a sa wa alama ba shi ne tsawon wasali da karin sauti. An bar su ga ƙamus, shi ya sa za ka gan su a na Bargery, da na Abraham na 1949, da Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero na 2006, amma ba za ka gan su a littafin labari ba. A ganinmu ba su yi kuskure ba a zamaninsu. Masu rubutun lokacin cikakkiyar jimla suke yi, mai kai da ƙafa, da "sai" da "ko da" da "bayan da", ta yadda kafin ka iso kan "ya" ka riga ka san wace ce. Ba su hango ranar da za a yi cinikin tirela guda da kalma biyar ba.

Baffan nan da ya iya ajami kuwa, a nasa rubutun galibi ana sa wa dogon wasali alif ko wawu ko ya, don haka doguwar "ka" da gajeriya ba lallai su yi kama a allonsa ba. Ɗaliban zaure ma sun san irin wannan matsala daga Larabci: zal da ha da ba, idan ba wasali, ko "zahaba" ce, ya tafi, ko "zahab" ce, zinariya. Larabawa suka sa wasali a Alƙur'ani, inda kuskure ba ya karɓuwa, suka bar jarida tsirara. Wato sun duba inda tuntuɓe ke da tsada suka share wurin.

Mutanen Sifaniya ma haka suka yi, kuma a nan ne za mu iya koyon wani abu daga wurinsu. Hukumar harshensu, Real Academia Española, wadda aka kafa a Madrid a 1713, ba ta wahalar da kanta wajen raba "fue" da "fue" ba. Da can ana ɗora mata 'yar sanda a kan wasalin ƙarshe, daga 1959 aka ce a daina, tunda sandar ba ta raba komai. Amma inda baki ya bambanta, rubutu ma sai ya bambanta: "pago" ina biya, "pagó" ya biya. A farkon nauyin murya yana gaba, a na biyun yana baya, alamar kuma ta nuna haka. Matsalarmu ta "ka" irin wannan ce, ba irin ta "fue" ba. Sannan akwai abin da ya fi burge mu. Da yake a harshensu jimlar labari da ta tambaya sukan zo da jerin kalmomi iri ɗaya, tun 1754 hukumar ta kawo kifaffiyar alamar tambaya, ¿, wadda ake sawa a farkon jimla, don mai karatu ya san tun daga bakin ƙofa cewa tambaya zai shiga. Da wan mai rake yana da irin wannan al'ada a yatsunsa, da direba bai tafi da kuɗi biyu ba.

Da muka kai maganar zaman ƙungiyarmu ta marubuta, an ja ta sosai. Wani dattijo a cikinmu, tsohon malamin firamare, ya tsaya kai da fata cewa a fara ninka wasali: kaa ba shi, yaa zo, taa sha. Ya ce littattafan nazarin harshe suna yi, wasu a Facebook ma suna yi da kansu ba wanda ya sa su. Hujjarsa tana da ƙarfi, ba ma musu. Amma wadda ke buga mana rubuce-rubuce a kwamfuta ta tambaye shi, mutanen da har yau suke rubuta "kasa" ga ƙasa da kasa duka biyun, alhali haruffa masu lanƙwasa sun kusa shekara casa'in, su ne za su zauna suna auna tsawon wasali? Kuma idan aka ninka a "kaa" dole a ninka a ko'ina, sai "makaranta" ta zama "makarantaa", "littafi" ya zama "littaafii", shafi ya cika da wasula kamar an zubar da gero. Ga kuma rigimar karin harshe: Bakano da Basakkwace da mu Zagezagi, da Kanawa ke tsokana cewa ko "ne" da "ce" ba mu gama rabawa ba, tsawon wa za a bi? Ninkin ma ba ya raba "kaa" ta abin da ya wuce da "kaa" ta abin da ake tsammani, tunda dukansu dogaye ne, kari ne ya raba su.

Mu dai inda muka karkata shi ne Hausa ta riga ta tanadi kayan aikin, mu ne muka jibge su saboda sauri. Kifaffiyar alamar tambayar da mutanen Sifaniya suka ƙirƙira a 1754, mu da baki muke furta tamu, sunanta "shin". Shin ka ba direba kuɗin mota? Harafi huɗu ne, kuma ko an manta da alamar ƙarshe ba wanda zai karanta ta da umarni. Ga "ko" a ƙarshen jimla. Ga "riga": ka riga ka ba shi. Ga "tuni". Idan umarni ne, ga "maza", ga "don Allah", ga "sai", ko ma a cire "ka" ɗin gaba ɗaya a ce "ba shi kuɗin". Ta riga ta sha biyu. A ba ta biyu ta sha. Ba wanda zai ce bai iya waɗannan ba, a baki kullum muna faɗinsu. Abin da ya faru shi ne mun koyi rubutun waya a zamanin da ake ƙirga haruffan saƙo a caje mu, muka saba yanke wa jimla hannu da ƙafa. Yanzu an daina ƙirgawa, yankan bai daina ba. Muna tura bidiyon minti goma ba ma jin ciwon data, amma "shin" ta yi mana tsada.

Wani zai ce a yi saƙon murya mana, tunda kunne ba ya ruɗewa. Gaskiya ne, kuma dillalai da yawa sun koma haka. Sai dai murya ba ta shiga takardar yarjejeniyar jinginar gona, ba ta shiga littafin bashin mai shago, ba ta hawa kan kwalin magani. Marubuci kuma ba shi da murya sai wadda ya bari a kan takarda. Mu da ke kiran kanmu marubuta muka fi kowa alhaki a nan, domin sau da yawa a labaran da ake turowa za ka ga "ya shiga ya zauna", ka karanta sau biyu kafin ka gane ko an ce ya shiga ne ko ana ba shi izinin shiga. Mai karatu ba zai yi ƙara ba, wucewa kawai zai yi zuwa labarin wani.

Ba kuma cewa muke yi a kashe harshen damo ba. Akwai inda shi ne gishirin. Mai habaici da shi yake cin abinci, mawaƙi ma haka, uwar miji ma haka. Dillalin da aka tambaya farashi ya ce "ya yi", ya bar ka kana tunanin ko ya yi daidai ne ko ya yi yawa, ya san abin da yake yi. Wannan da gangan ne, mai magana ne ya zaɓi ya bar ƙofa biyu a buɗe. Na wan mai rake kuwa ƙofa ɗaya ya nufa, rubutu ya buɗe masa ta biyu bai sani ba.

A ƙarshen zaman nan abu ɗaya kawai aka amince a kai: duk rubutun da zai shiga kundin ƙungiya na gaba, mai tacewa zai tsaya a kan kowace "ka" da "ya" da "ta" da ke farkon jimla, idan tana iya karantuwa biyu a mayar wa mai ita ya sa mata maƙwabci. Malamin firamaren bai gamsu ba, ya ce zai ci gaba da ninka nasa wasulan, aka ce Allah ya ba da sa'a.

Sai wani matashi ya ce, tunda ana gyara, a haɗa da "cika", a riƙa rubuta "ya rasu" kai tsaye don kada a ruɗe. Ba wanda ya goyi bayansa. Wata 'yar'uwa daga Ikara, wadda ba ta ce uffan ba tun da aka fara, ta ce lokacin da mahaifinsu ya kwanta jinya tana makaranta a Zariya, saƙon da yayanta ya turo mata da ƙarfe uku na dare kalma uku ne: Baba ya cika. Ta ce ba ta tambayi me ya cika ba. Mayafinta ta ɗauka ta zauna bakin gado tana jiran asuba ta yi ta nufi tasha.